Daga Wejin Karen Mota Zuwa Aikin Ceto: Tarihin Agajin Haɗari a Hanyoyin Ƙasar Daura

Duk ɗan ƙasar Daura da neman abinci ya kai shi Kano ko Kaduna ko Abuja ko Ikko, ya san hanyar gida kamar yunwar cikinsa. Ya san inda ake yada zango a Ɗambatta, ya san duwatsun Kazaure, ya kuma san daidai wurin da zuciya take fara sanyi saboda an shigo ƙasar gida. Amma akwai wani abu game da wannan hanya wanda kusan dukkanmu mun gani da idonmu, ba mu dai cika son tayar da zancensa a taron ƙungiya ba. Da wuya a sami ɗayanmu da bai taɓa tarar da cincirindon jama'a a gefen kwalta ba, a jajibirin Sallah ko lokacin Gani, ga mota kwance a kan haƙarƙarinta, ana jiyo nishin mutane daga ciki, majiya ƙarfi wajen ashirin sun dafa ta suna salati za su mayar da ita kan ƙafafunta. Wasunmu ma sun sa hannu a irin wannan turi, suka koma mota suna jin sun yi aikin lada. Niyyar kam ta lada ce, babu mai ja. Sai dai abin da masana aikin ceto suka daɗe da tabbatarwa shi ne, wannan jijjiga da birkitawa tana iya ƙarasa wanda haɗarin ya bari da sauran numfashi, ko ta mayar da mai tsagewar ƙashin wuya shanyayye har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace a mujallar bana mu bi diddigin yadda agajin hanya ya faro a ƙasarmu, da hannayen da ya bi, da kuma wani ilimi guda da kakanninmu suka riƙe, mu kuma muka saki a daidai lokacin da muka fi bukatarsa, wato tokare abu mai nauyi kafin a shiga ƙarƙashinsa.

Daura ba baƙuwar matafiya ba ce. Tun kafin zuwan Turawa tana kan hanyar fatake da ke haɗa Kano da Damagaram har zuwa Azbin, inda ake saukowa da kanwa da gishiri da dabino da dabbobi, a hau da tufafi da hatsi da goro. Ayarin wancan zamani ba tarkacen mutane ba ne masu tafiya kara zube. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai masu kula da baya, kuma kowa ya san abin da ke wuyansa idan dabba ta faɗi da kaya ko wani ya karye. A garuruwan da ake sauka kuwa akwai maɗora da wanzamai. A cikin gari ma haka abin yake. Magini ba ya shiga ƙarƙashin soron da ya tsage sai ya tokare shi da azara, mahaƙin rijiya kuma ba ya zura jiki a ramin da gefensa ke zubowa don kawai ana kururuwa a sama. Masu waɗannan sana'o'i sun san cewa gaggawar da ba ta da tsari takan mayar da gawa ɗaya ta zama biyu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, shekarar da Sarkin Daura Abdurrahman ya hau gadon sarauta. A cikin shekaru 55 da ya yi yana mulki, har zuwa 1966, ƙasar nan ta tashi daga zamanin raƙumi da jaki da takarkari ta shiga zamanin mota. Hanyoyin farko na burji ne, En'e ce ke sa lebarori su gyara su bayan damina, kuma manyan motocin da ke bin su suna kwasar gyaɗa da fatu zuwa Kano, su dawo da gishiri da kananzir da atamfa, fasinja kuma a saman kaya. A nan ne wani mutum ya shigo tarihinmu wanda ba a taɓa ba shi haƙƙinsa ba, shi ne karen mota. Sunan ma kansa na raini ne. Amma wannan yaro da ke maƙale a bayan mota, da guntun katako mai kusurwa a hannunsa, shi ne birki na biyu. Da zarar mota ta tsaya a hawa ko gangara, kafin direba ya ce uffan ya dira ya cusa weji a ƙarƙashin taya. Idan za a canza taya, ba a ɗaga jak sai an sa weji gaba da baya, an kuma shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak ɗin don kada rairayi ya haɗiye shi. Ba a aji ya koyi wannan ba. Ya koya ne daga ranƙwashin maigidansa, da kuma labarin waɗanda mota ta danne.

Idan mai karatu ya riƙe wannan hoto na karen mota da wejinsa, zai ga cewa abin da ake koya wa ma'aikatan ceto a manyan ƙasashen duniya a yau daga nan ya fara.

Shekarun 1970 su ne suka sauya komai. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Dattawan direbobinmu sun fi kowa jin daɗin wannan canji, domin kafin nan duk wanda ya ƙetare Kongolam ya nufi Matamai da Damagaram sai ya sauya hannu, tunda Nijar ta gaji tsarin Faransa. Bayan haka sai ga kuɗin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji da aka amince da shi a 1974, ga kamfanin harhaɗa Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 1975. Malamin makaranta ya sayi babur, akawu ya sayi mota, tasha ta cika da Fijo mai ɗaukar fasinja, kwalta kuma ta miƙe. Gudun da mota take yi ya ninka, amma abin da ke jiran wanda ya faɗi bai ƙaru da komai ba: manoman da ke kusa, da fasinjojin motar da ta biyo baya, da gatari, da tabarya, da kyakkyawar niyya. Wanda aka zaro sai a shimfiɗa shi a bayan a-kori-kura a nufi asibiti, ana addu'a ya kai.

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba idan ba mu ambaci waɗanda suka toshe wannan giɓi gwargwadon ikonsu ba. Ƙungiyar Red Cross, wadda dokar 1960 ta tabbatar da ita a Nijeriya, ta shiga makarantu tare da 'yan sikawut, kuma da yawa daga cikinmu a can muka fara ganin yadda ake naɗa bandeji. Ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da ta bayyana a 1978, kowacce ta fito da rundunar 'yan agaji masu kaki, waɗanda muka saba gani a filin Idi da sansanin alhazai da wurin jana'iza. Ita ma ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda muke kira yuniyon, tun kafuwarta a 1978 ta zama wurin da labarin haɗari yake fara sauka, domin kafin hukuma ta ji, tasha ta ji. Waɗannan bayin Allah sun ɗauki gawar da danginta ba su sani ba, sun kwana a bakin asibiti saboda baƙon da ba su taɓa gani ba. Horon da aka ba su dai na kula da jikin mutum ne bayan an fito da shi. Yadda za a tunkari ita kanta motar, wadda ke lilo a bakin kwalbati da mutane a cikinta, ba ya cikin darasin.

An ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma 'yan watanni bayan haka, a Fabrairun 1988, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Abin lura a nan shi ne, tunanin ya samo tushe ne daga rundunar kiyaye haɗurra da tsohuwar Jihar Oyo ta kafa a 1977, inda shi Soyinka da wasu malaman jami'a suka riƙa fita hanya a matsayin 'yan sa-kai saboda yawan ɗalibai da abokan aiki da suke rasawa tsakanin Ibadan da Ife. Shi ya sa tun daga farko hukumar ta tanadi gurbin 'yan sa-kai a cikin tsarinta, mutanen gari masu sana'arsu waɗanda ke ba da lokacinsu kyauta. An haɗe hukumar da rundunar 'yan sanda a 1999, aka sake raba su a 2003, shekarar da aka fara tilasta ɗaura bel, sannan dokar 2007 ta sake tsara ta. Wannan doka ta sa tara a kan asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗari, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta hana kowa taimakon gaggawa. Muna nanata wannan ne saboda har gobe akwai masu wuce haɗari suna kau da kai, don tsoron kada taimako ya zame musu jeka-ka-dawo a caji ofis.

Su kuma 'yan kwana-kwana, asalinsu a ƙasar nan wani reshe ne na 'yan sanda a Ikko tun zamanin Turawa, sai dokar 1963 ta ba su cin gashin kansu, daga baya jihohi suka kafa nasu. A tunaninmu aikinsu gobara ce kawai, sai ko ciro wanda ya faɗa rijiya. A wasu ƙasashe kuwa, fitar da mutum daga motar da ta murƙushe yana cikin manyan ayyukansu, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne mafi yawansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. A Amurka, inda Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa-kai a birnin Filadelfiya tun 1736, kusan kashi biyu cikin uku na masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. A Jamus yawansu ya kai kimanin miliyan ɗaya. Manoma ne da kafintoci da malaman makaranta da masu shago, waɗanda ke haɗuwa da yamma su yi atisaye, idan an buga ƙararrawa kuma kowa ya ajiye abin da yake yi. A taƙaice dai gayya ce aka yi wa rajista, aka ba ta horo da kayan aiki.

Su ma ba da wannan ilimi aka haife su ba. A 1966 ne wani rahoto na cibiyar masana kimiyya ta Amurka ya fallasa cewa ɗimbin waɗanda ke mutuwa a hanyoyinsu rashin agajin kirki ne ke kashe su, har ma a wurare da dama motar masu jana'iza ce ke ɗaukar majinyaci. Injin ceton nan mai aiki da matsin mai, wanda ke buɗe ƙarfen motar da ta murƙushe, wani mai suna George Hurst ne ya ƙago shi a shekarun 1960 saboda direbobin tseren mota, kuma sai a farkon shekarun 1970 ya fara shiga hannun 'yan kwana-kwana. Amma ko da injin ya samu, darasin farko da ake koya wa sabon ɗan sa-kai bai canza ba: ba a taɓa mota da ƙarfe, ba a shiga cikinta, sai an hana ta motsi.

Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan abin da darasin ya ƙunsa, domin a nan ne za a ga kusancinsa da abin da muka riga muka sani. Motar da ta yi haɗari ta tsaya a kan tayoyinta, a ido kamar ba ta da matsala. Amma tana zaune ne a kan sifirin da iskar taya, saboda haka duk wanda ya jingina da ita, ko ya hau, ko ya fizgi ƙofa, sai ta yi lilo, wannan lilo kuma kai-tsaye yake isa ga wuya da gadon bayan wanda ke ciki. Don haka ake fara kashe inji, a ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan taya, sannan a cusa katako a wurare huɗu a ƙarƙashin gangar jikin motar har nauyinta ya bar kan sifirin ya koma kan katakon. Wasu ma sukan sace iskar tayoyin don motar ta zauna daram. Bayan nan sai a cire wayar batir, a fara da ta nagatif, saboda tartsatsi, da kuma jakar iskar nan ta motocin zamani wadda idan ba ta fashe lokacin karo ba tana iya fashewa a fuskar mai ceto.

Motar da ta kwanta a gefe ita ce mafi haɗari, ita ce kuma wadda muka fi yi wa ganganci. Tana tsaye ne a kan siririn gefe kamar faifan da aka kafa a ƙasa, turi kaɗan zai kifar da ita ko ta nan ko ta can. Abin da ake yi shi ne a cusa weji a duk inda jikinta bai taɓa ƙasa ba, sannan a tokare ta da dogayen sanduna ta ɓangaren rufi da ta ɓangaren ciki, a ɗaure gindin sandunan da jikin motar da igiya mai ƙarfi don kada su zame. Da haka gindinta ya faɗaɗa, sai a fasa gilashin baya ko a cire na gaba a fitar da mutane a miƙe. Wadda ta kife a kan rufinta kuwa, nauyin inji yakan rinjayar da ita gaba, sai a cike giɓin da ke ƙarƙashin but da katako. Idan kuma ya zama dole a ɗaga mota don wani na ƙarƙashinta, ƙa'idar ita ce duk ɗan abin da jak ya ɗaga, nan take a cike gurbinsa da katako, ta yadda ko jak ya zame motar ba za ta dawo kan mutum ba. Katakon ana jera shi ne biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa-hawa, kuma masu koyarwa sukan hana tsayinsa ya zarce ninki biyu na faɗinsa. Ba a amfani da bulon siminti, domin katako yakan yi ƙara ya yi gargaɗi kafin ya karye, bulo kuwa sai dai a ga ya ruguje. Wannan batu na jak ya fi shafar mu fiye da mutanen wasu wurare, saboda gefen hanyoyinmu, musamman idan aka nufi Zango da Ɓaure ko Mai'aduwa, rairayi ne.

Ilimin bai tsaya wuri ɗaya ba. Likitocin gaggawa a yau sun fi karkata ga cewa wanda yake cikin hayyacinsa kuma yake iya fitowa da kansa, a bar shi ya fito a hankali, kada a ɓata lokaci, domin zubar jini ba ya jira. Haka nan idan wuta ta kama ko mota na nitsewa a ruwa, babu zancen jeren katako, sai a fizgo mutum ta kowane hali. Tokarar da muke magana a kanta aikin minti biyu ne zuwa uku ga waɗanda suka saba, ba wani dogon biki ba.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk zancen ƙasashen masu kuɗi ne. To ga Gana nan kusa. Tsakanin 1998 da 2000, likitoci a can sun lura cewa mafi yawan waɗanda suka yi haɗari direbobin haya ne ke kai su asibiti, sai suka haɗa kai da ƙungiyar direbobi suka horar da mutum 335 a kwas na awa shida kacal, da kayan da ake samu a kowace tasha. Da aka bibiyi direbobin daga baya, an tarar da yawansu sun yi amfani da abin da suka koya, musamman wajen tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi da kare wurin haɗari daga motocin da ke tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda rahotonta na 2023 ya ƙiyasta cewa hanya tana cin rayuka kimanin miliyan 1.19 duk shekara, ta daɗe tana ba ƙasashe irin namu shawarar su fara da horar da waɗanda ke riga kowa isa wurin.

Akwai kuma darasi mai ɗaci da ya zo mana daga maƙwabta. A watan Oktoba na 2024, tankar mai ta faɗi a garin Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. A Janairun 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Allah ya jiƙansu. A irin wannan wuri aikin ɗan sa-kai na farko ba tokara ba ne, korar jama'a ne zuwa nesa, da hana kunna inji ko ashana. Wannan kuwa sai mutumin da gari ya sani, yake kuma jin maganarsa.

Hanyoyinmu ba raguwa za su yi da motoci ba. Duk ranar Lahadi manyan motocin shanu suna fitowa daga kasuwar Mai'aduwa, sau da yawa da mutane a saman bodi. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda ya ratsa ta Daura, a 2023 aka ƙaddamar da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Kongolam, ga kuma Jami'ar Sufuri da aka kafa a garin. Hanya mai kyau tana rage karo gaba da gaba, amma tana ƙara gudu. Kuma komai kyan ofishin 'yan kwana-kwana ko na jami'an kiyaye haɗurra da ke cikin birni, ba su ne za su fara isa ga motar da ta faɗi a bayan Sandamu ko kusa da Babban Mutum ba. Mai faci ne zai fara isa, da mai shayi, da ɗan acaɓa, da manomin da ke gefen hanya.

Mu da ke birane mun saba idan an tashi yi wa gida hidima sai mu tafi ga abin da ake yanka kintinkiri a kansa: ginin aji, ko rijiyar burtsatse, ko motar ɗaukar marasa lafiya da aka rubuta sunan ƙungiya a jikinta. Duk suna da amfani, ko da yake mun san inda wasu irin waɗannan motoci suke ƙarewa idan taya ta mutu babu mai saye. Abin da muke gabatarwa ga babban taron bana bai kai su tsada ba. A ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure, a nemi izinin hakimai da dagatai a zaɓo mutum goma-goma a garuruwan bakin hanya daga cikin 'yan yuniyon da 'yan agaji da masu faci da makanikai. A roƙi Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan kwana-kwana na jiha da Red Cross su turo masu koyarwa, a sayi mushen mota ɗaya a wurin 'yan gwangwan don atisaye, a maimaita horon duk shekara kafin Babbar Sallah. Kafintocin gida su yanka weji da guntayen katako masu kauri, a haɗa da jak biyu da igiya da tocila da safar hannu da tukunyar kashe wuta, a zuba a akwati. Akwatin kuma kada a kulle shi a sakatariya. A ajiye shi a rumfar mai faci ko ofishin tasha, wurin da ba a rufewa da dare, mabuɗi kuma ya kasance a hannun mutum biyu.